Kiɗan da Ba Ya Kiran Kowa

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, kun taso kun tarar da wani labari a gidan nan: wai kakanku, mahaifina, ya taɓa fasa wani faifan garmaho a gabana saboda na kunyata shi a rediyo. An gaya muku a unguwar Nima, an gaya muku a unguwar Maamobi, kuma na ji da kunnena ɗayanku yana ba matarsa labarin, har da ƙarin cewa da gular kalangu aka fasa shi. Ban taɓa gyara muku ba, domin lokacin da mutanen da abin ya shafa suke raye, gyaran zai iya tayar da wata maganar. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Aikin da na yi a rayuwata shi ne in faɗi abu yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, don haka ga yadda aka yi.

Kakanku makaɗin mahauta ne. Ya zo Accra daga ƙasar Katsina yana saurayi, a bayan fataken shanu, da kalangunsa a hammata, bai kuma koma ba. Ubangidansa shi ne sarkin fawan mahautan da ke ɓangarenmu, wanda kowa ke kira Sarki kawai. Kullum da safe Baba yana mayanka yana kiɗa, kuma da jin kalangunsa mata suka san nama ya fito. Daga wannan aikin muke ci. Kason naman makaɗi yana zuwa gidanmu kowace rana, ɗakunan da muka tashi a ciki ma na gidan Sarki ne. Uwata, wadda kuka sani da Mma, Badagomba ce 'yar Yendi. A kasuwa ta koyi Hausa, irin tamu ta Zongo da ba ta bambanta mace da namiji, kuma har ta rasu "Ladi ya zo" take cewa in na shigo. Baba kuwa bai yarda da wannan a bakin 'ya'yansa ba. In ka ce wa akuya "shi", sai ya sa ka fita ka duba ta da kyau ka dawo. Wannan taurin kan nasa ne ya kai ni gidan rediyo, domin da aka nemi mai tsabtatacciyar Hausa a cikin 'yan matan da suka yi makaranta, ba mu da yawa. Daga ranar da aka ɗauke ni ya daina kirana Ladi, ya koma Ta-rediyo.

Akwai abu guda da sai kun fahimce shi kafin sauran labarin ya yi ma'ana, domin ku kun taso a zamanin da kiɗa ke fitowa daga waya ba a tambayi na wane ne ba. A wurin Baba da mutanen zamaninsa, babu kiɗan da ba shi da mai shi. Kowane babban mutum yana da takensa, wato salon bugun da aka keɓe masa, wanda kalangu ke kiran sunansa da na ubansa a ciki. Muna yara, daga cikin ɗaki mukan san wane alhajin ne ya doso, tun bai karyo kwana ba. Makaɗin da ya yi wa wani sabon take ba da sanin ubangidansa ba kuwa, to ya sauya ubangida ke nan, ko bai buɗe baki ya faɗa ba.

A shekarar da nake magana ban daɗe da auren babanku ba, muna haya a Maamobi. Shi yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Motocin da suka tsufa a Turai ake yankowa biyu a turo ta jirgin ruwa, su kuma su kwance su su sayar da sassan, kuma sau da yawa akan tarar da abin da masu motar suka manta a ciki. Ya taɓa kawo mini laima, ya taɓa kawo takalmin yaro ƙafa ɗaya. Rannan ya shigo da faifai, ya ce a ƙarƙashin tayar safiya ya same shi a wata mota da ta fito daga Jamus. Kwalin ya sha baƙin mai har hoton da ke jiki ya ɓace, sai 'yan sunayen maza a baya da sunan wani gari. Ya ce in kai wurin aiki, in ya ƙi yin amfani Mma ta rufe tukunya da shi.

Na kai shi ɗakin ɗaukar murya da rana, lokacin da mutane suka fita cin abinci. Ba kowa sai injiniyanmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga, yana cin dokunu, tuwon masara mai tsami, da kifi a bayan gilashi. Abin da na fara lura da shi tun ban kunna ba shi ne fuskar farko ta faifan ba ta da layukan da ke raba waƙa da waƙa. Daga baki har cibiya abu ɗaya ne. Na ɗora allura. Da farko sai wani sauti can nesa, kamar iska a cikin bututu. Sai ganga ta shigo. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi shimfiɗa ba, kamar ta daɗe tana tafiya mu ne muka tarar da ita a hanya. Bugu ɗaya ne a miƙe, ba sauri ba nawa. Wata jita mai kaurin murya ta bi ta da 'yan sautuka kaɗan tana ta maimaita su. Na jira kiɗan ya juya, yadda kowane kiɗan da na sani yake juyawa, bai juya ba. Na jira mawaƙi ya shigo, bai shigo ba. Injiniya ya ajiye kifinsa ya leƙo ya ce allura ta maƙale. Na nuna masa da yatsa: allura tana tafiya cikinta, a hankali, yadda ya kamata. Ya tsaya yana kallo, ya manta da hannunsa da yaji.

Ba ni da saurin ɗoki, kun sani. An koya mini in karanta labarin gobara da muryar da zan karanta farashin tumatir. Amma a ranar na tashi daga kujera ban san na tashi ba. Gangar ba ta canzawa, amma duk abin da ke kewaye da ita yana canzawa, a hankali ƙwarai, har ba za ka kama lokacin ba sai ka waiwaya ka ga ka yi nisa. Wanda ya taɓa hawa babbar mota daga Accra zuwa Tamale ya san abin da nake nufi. Ƙarar injin ɗaya ce tun safe, ba za ka iya nuna wurin da kurmi ya ƙare ba, sai dai ka ɗaga kai ka ga itatuwa sun gajarta, sama ta buɗe. Wata siririyar jita takan taso daga kunnen hagu, ta ratsa ta tsakiyar kanka, ta ɓace a dama. Molon lantarki yakan riƙe sauti ɗaya har ka manta da shi, sai ya sake shi, sai ka ji ɗakin ya yi fili. Can tsakiya jitar mai kauri ta yi shiru, aka bar ganga ita kaɗai na ɗan lokaci, kuma wallahi na riƙe numfashina kamar mai tsallaka babbar gotar Nima a kan katako guda, har ta dawo.

Sai kuma abin da ni kaɗai a unguwarmu zan iya ji, saboda aikina. A lokacin, in muka ɗauki hira, da reza muke yanke tef mu cire tari da in'ina, mu haɗa da farin salatif. Kunnena ya san wurin haɗi. A cikin faifan nan na ji haɗi, ba ɗaya ba, kuma ba a ɓoye su ba. Na ji ƙarar farantin ƙarfe na masu ganga tana kumbura tana kumbura sai ta yanke tsaf, na gane an juya tef ne baibai, domin na taɓa yin wannan kuskuren ina sabuwar ma'aikaciya har shugabanmu ya yi mini wankin babban bargo. Abin da ake mana faɗa a kansa, waɗannan mutanen da gangan suka yi shi, suka mai da shi kiɗa. Ashe ɗakin da nake zaune a ciki kullum, da rezarsa da wayoyinsa, shi ma kayan kiɗa ne, ban sani ba. Na juya fuska ta biyu. Ita ta fi wuya: ƙarar ruwa, wani mutum yana gunaguni ba da wani harshe ba, ƙarafa, dariya daga nesa. Na so ta, amma ta farkon ce ta kama ni. A tirotiro, motar hayarmu, ina komawa gida na gane dalili. Na tashi a gidan da kullum ganga tana fuskantar wani, tana yabonsa, tana jiran hannunsa. Wannan ba ta fuskanci kowa ba. Hanya ta sa a gaba.

A daidai lokacin aka ba ni sabon shiri na matasa, ranar Asabar da hantsi, aka ce in zaɓi kiɗan da zai buɗe shi. Na kwafi farkon faifan a tef na sa. Shugaban sashenmu ya saurara ya ce bai gane ba, amma tunda ba zagi a ciki, a gwada. Ba a jima ba kiɗan ya kama gari. Direbobin tirotiro a mararrabar Kawukudi suna danna oda daidai da bugun. Masu ɗinki suna taka keke da shi. Wata mai sayar da wake da shinkafa ta tare ni ta ce yaranta ba sa zuwa ɗebo ruwa sai an gama "ganga mai tafiya". Ina murna kamar ni na buga. Wata Asabar, saboda ana ta tambaya, na faɗa a iska cewa kiɗan daga Jamus ya fito. Gaskiya na faɗa, kuma ita ce ta jawo komai.

Abin da ban lura da shi ba, saboda na bar Nima na koma gidan miji, shi ne mahautanmu sun rabu biyu a shekarar. Wani babban mahauci mai suna Alhaji Tanko yana ganin Sarki ya tsufa, lokaci ya yi da zai sauka, kuma samari da yawa suna bayansa. Babban ɗan Alhaji Tanko kuwa boga ne, wato irin mutanenmu da suka tafi neman arziki Jamus. Sai mutane suka haɗa lissafinsu. Sabon kiɗa ya fito, to taken wane ne? Wadda take sa shi 'yar makaɗin mahauta ce. Daga Jamus ya zo, inda ɗan Tanko yake. Ai magana ta fito: Baba ne ya tsara wa Tanko take a ɓoye, ɗan ya kai wa Turawa suka buga da manyan ganguna, 'yar kuma tana shelanta shi duk mako. Ba wanda ya ga rauni a wannan labarin, domin ba wanda ya taɓa tunanin kiɗa zai iya zama ba na kowa ba. Alhaji Tanko bai ce nasa ne ba, bai kuma ce ba nasa ba ne. Rediyo kawai yake fitarwa ƙofar rumfarsa duk Asabar, ya ƙure murya, ya gyara zaman hula.

Sai Alhaji Tanko ya aika da cinyar bijimi sukutum gidan Baba. Baba ba ya nan, Mma ce ta karɓa. Ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo, ta soya saura, ta raba wa maƙwabta, har ni an kawo mini Maamobi. Baba ya ci ya yi hamdala, yana zaton alherin Sarki ne. Washegari da ya je mayanka, yaran Sarki suka tare shi a ƙofa, cikin ladabi, suka ce Sarki ya ce makaɗi ya huta tukuna. A ranar aka yanka shanu a ɓangarenmu ba kalangu, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni. Kason nama ya tsaya. Aka kuma fara maganar cewa ana bukatar ɗakunan.

Da na je gida na tarar da Baba a kan buzunsa. Mma ce take ta magana, da ni, da tukwane, da kajin maƙwabta.

"Nama ya zo, na dafa," in ji ta. "An rubuta suna a jikin cinya? Kai ma ka ci, Ladi, babanka ma ya ci, har ya ce a ƙara."

Na ce wa Baba bai taɓa jin kiɗan ba ne? Ya ce shi da Asabar da hantsi yana wurin aiki, kuma ko yana gida, muryata yake jira, ba hayaniyar da ke gabanta ba. Na ce to a kai faifan gaban Sarki kowa ya ji, gaba ɗayansa, ba guntun da nake sawa ba. Aka kai saƙo, Sarki ya yarda.

Bayan la'asar aka yi zaman, a ƙofar gidan Sarki. Babanku ya zo da garmaho da batirin mota da lasifika, ya haɗa wayoyi yana gumi, yana ta faɗa mini a hankali cewa da ya sani da Mma ya ba faifan ta rufe tukunyar. Dattawan mahauta suna kan tabarmi, samari a tsaye, mata a bayan katanga. An umarci Baba ya zo da kalangunsa ya ajiye a tsakiyar fili, tsakaninsa da Sarki, kuma kowa ya san ma'anar haka: in zaman ya ɓaci, ba da shi zai tashi ba. Na durƙusa na gai da Sarki, na goge faifan da gefen mayafina, na ɗora allura. Da ganga ta yi ɗan nisa, wani tsoho ya tambayi na kusa da shi yaushe za a fara, aka yi dariya. Wani ya ce ko Baturen ya manta sauran ne. Amma kaɗan kaɗan surutu ya mutu. Na ga gwiwoyi suna motsi a ƙarƙashin riguna. Ni dai Baba nake kallo. Idonsa a rufe, fuskarsa ba ta nuna komai, amma gwiwar hannunsa na hagu tana matse haƙarƙarinsa tana saki, yadda yake matse igiyoyin kalangu, alhali babu komai a hammatarsa. Da aka zo wurin da aka bar ganga ita kaɗai, sai na ga ya buɗe ido ya kalli faifan yana juyawa, kamar wanda ya ji an yi sallama da muryar ɗan garinsu.

Allura ta kai cibiya. Sarki ya dubi Baba ya ce, "Makaɗi, me ya ce?"

"Ranka ya daɗe, bai ce komai ba," in ji Baba. "Na bi shi tun daga farko ina jiran ya kira wani. Bai kira Tanko ba, bai kira ka ba, ko kansa bai kira ba. Tafiya kawai yake yi."

Ina so ku tsaya a kan wannan amsar. A wurin nan Baba ne kaɗai ake yarda da shi a kan abin da ganga ta faɗa. Da ya ce taken Sarki ne, ya ɗora masa kirari nan take, wanda zai iya yi ko yana barci, da an tashi ana murna, ya ɗauki kalangunsa. Bai yi ba. Sarki kuwa ba azzalumi ba ne, mutum ne mai lissafi. Ya ce ya yarda makaɗinsa bai ci amanarsa ba, amma yardarsa ba ta canza abin da ke kunnen mutane. Gari ya riga ya ba Tanko kiɗan, kuma duk Asabar da aka sa shi, Tanko aka ɗaga. Sai ya juyo gare ni.

"Ke 'yar makaɗi, biyu ce. Ko ki faɗa a rediyon cewa takena ne, ko kiɗan nan ya daina fita. Kalangu yana nan wurina har in ji wadda kika zaɓa."

Na ce, Allah ya ja zamanin Sarki, ta farkon ba zan iya ba, domin ba haka ba ne, kuma ban taɓa faɗar abin da na san ba haka ba ne a gaban makirofon. Sai muryar Mma ta taso daga bayan katanga.

"Ladi, ka faɗa kawai mana. Bature zai taso daga Jamus ya ƙaryata ka?"

Har Sarki sai da ya yi murmushi. Amma aka tashi, kalangu yana kan tabarma.

Na raka Baba gida ta lungunan nan namu da mutum biyu ba sa jerawa, shi a gaba ni a baya da faifai a ƙirji. Na shirya jin roƙo, ko faɗa, ko a tuna mini wanda ya ciyar da ni. Ko ɗaya bai yi ba. Maganar mai gangar yake ta yi, da sauri, yana juyowa, har yana tuntuɓe. Ya ce in lura mutumin bai yi ado ko sau ɗaya ba. Ya ce kowane makaɗi, da ya ga an saurare shi, hannunsa yakan yi ƙaiƙayi ya so ya nuna gwaninta, kuma hana hannu yin haka ya fi yin gwanintar wuya. Ya tambaye ni ko mutumin saurayi ne, ko yana da iyali, ko wa ke ciyar da shi tunda ba ya yabon kowa. Na ce ban sani ba. Ya ce ko wane ne, an yi masa tarbiyya. Mutumin da aka karɓe wa kalangu yanzu-yanzu, wanda bai san inda zai kwana wata mai zuwa ba, shi ne yake wannan zumuɗin a kan wani Bajamushe da ba zai taɓa gani ba. Kafin mu kai ƙofar gida na gama yanke shawara.

Shugaban sashenmu bai yarda ba, kuma yana da hujjarsa. Ya ce gidan rediyo ba ya karɓar umarni daga mahauta, in aka fara haka gobe masu gawayi ma za su zo da tasu. Ya ce in ni ba zan iya ba, zai ba wani shirin, kiɗan kuma yana nan, tunda tef ɗin na gidan ne. Na fita daga ofishinsa, na ɗauko tef ɗin daga kan kanta, na ɗora shi a kan na'urar gogewa. Injiniya yana kallona ta gilashi, bai hana ni ba. Na kunna na saurara don in tabbatar: ba komai sai shuuu. Faifan kuwa nawa ne, yana gida. Na koma na gaya wa shugaba abin da na yi, da bakina, kafin wani ya gaya masa. Ba a kore ni ba. An karɓe shirin, an mai da ni teburin sanarwa: rasuwa, suna, ɗaurin aure, cigiyar wanda ya ɓata. Na yi shekaru masu yawa a wurin, waɗanda na koya wa aiki suka wuce ni suka zama shugabannina. Muryar da tsofaffin Zongo suke tunawa da ita, mai cewa "an yi rasuwa a Nima", daga nan ta samo asali. Ba na jin na yi kuskure, kuma ba na so wani cikinku ya ji mini tausayi a kai. Na san abin da nake saya, na kuma san kuɗinsa.

Asabar ta zo, shirin ya buɗe da wani kiɗan. Alhaji Tanko ya mai da rediyonsa cikin rumfa. Washegari da safe aka ji kalangu daga mayanka, Mma ta ce har kuka ta yi a kan murhu, ko da yake ta ɗora wa hayaƙi laifin. Ita ce kuma ta ƙirƙiro labarin fasa faifan. Mutanen Sarki suna son su ji an hukunta wani, ita kuma tana son a bar gidanta ya huta, sai ta tsaya a bakin famfo ta ba su abin da suke so. Da na tambaye ta, ta ce ni ce aka hana ƙarya a rediyo, ita ba wanda ya ɗauke ta aiki.

Abin da ya faru da faifan a gaskiya shi ne wannan. Ba a yi mako biyu ba, rannan bayan an tashi daga kasuwa, sai ga Baba a Maamobi, shi da bai saba zuwa gidan suruki ba. Kalangunsa yana cikin buhu don kada a gani. Ya gaisa da babanku a tsaye, ya shiga ɗakin ciki, ya ce a rufe taga.

"Ta-rediyo, sa mini mutumin nan."

Na sa. Ya saurara har aka zo wurin da jitar mai kauri take yin shiru. A nan ya shiga. Bai yi ƙara ba, bai danne gangar ba, gefenta ya bi, yana matsawa yana saki, kalangu yana hawa yana sauka a kan wannan miƙaƙƙen bugun kamar tsuntsu a kan wayar lantarki. Na san taken kowa a Nima, na kasa kunne, babu ko ɗaya. Babanku ya zo bakin ƙofa da buta a hannu, ya tsaya, har lokacin sallar ya kusa wucewa. Da aka gama Baba yana haki yana dariya kamar yaro, ya ce a mayar. Daga nan ya zama al'ada. Duk mako sai ya zo, ko sau biyu, har ƙafarsa ta daina kai shi, sai mu muka riƙa kai masa garmahon. Fuska ta biyu sau ɗaya ya saurara ya ce wannan hira ce ta mahaukata, a juya. Wata rana yana mai da kalangu cikin buhu ya gaya mini abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

"Tun ina ɗan yaro ban taɓa ɗaga gula ba sai da sunan wani a bakinta. A ɗakin nan ne na fara jin yadda hannuna yake."

Faifan yana cikin akwatina na ƙarfe, a ƙarƙashin zannuwan Mma. Ku ɗauko shi ku kai haske. Babu tsaga ko ɗaya a jikinsa. Fuska ta biyu baƙa ce wuluk tana sheƙi kamar jiya aka yi ta. Ta farkon ta koma toka-toka, allura ta cinye ta, in kun sa ba za ku ji komai ba sai ƙara kamar ana soya ƙosai, da wata ganga can ƙasa tana tafiya. Kakanku ne ya yi mata haka, da saurare.

Bara jikata Rakiya ta karanta sunayen da ke bayan kwalin, ta nemo mini kiɗan a wayarta, tas kamar ranar farko. Ta so ta tura gaba don ta ga inda waƙar take, na riƙe mata hannu. Ku ma in za ku ji, ku zauna, ku ajiye komai, ku bar shi ya tafi da ku tun daga bututun iskan nan. In kun kai wurin da aka bar ganga ita kaɗai, ku za ku ji fili. Ni a nan nake jin Baba ya shigo da kalangunsa.